Kwano Guda da Kawu Majo

Duk wanda ya zauna Badaguishiri ya san Kawu Nomau ba ya gaisuwa irin ta mutane. Kai ka miƙa masa hannu, shi kuwa sai ya tsallake tafin ya cafke damtse, ya matsa, ya lumshe ido kamar mai taya akuya ranar kasuwa. In ka ce, "Ina kwana, Kawu?" amsar da za ka samu ita ce, "Mi kac ci?" Ba ruwansa da ko kai wane ne. Ya yi wa 'yan lakwal, wato 'yan boko, ya yi wa jandarma, ya yi wa wani ango ranar ɗaurin aurensa a gaban surukai. Angon ya rasa inda zai sa kansa, ya ce shayi ya sha. Kawu ya juya wurin waliyyin amarya ya ce, "Kun jiya? Shayi. To ku san wanda kunka ba ɗiyarku."

Yaran yanzu suna zaton Majo da ake kiransa sunansa ne na yanka. Ba haka ba ne. Majo dai shi ne babban ma'aikacin da ke riƙe da likita, wato asibitin gari, Kawu kuwa shara ya yi a likita, da ɗiban ruwa, da riƙe yara in za a auna su. Bai taɓa yi wa kowa allura ba. Sai dai kunnensa ya fi tsintsiyarsa aiki, duk abin da aka gaya wa uwayen yara a gabansa ya kwashe ya adana. Abokansa suka laƙa masa Majo don tsiya, shi kuma ya karɓe ya ƙi saki. Da ya bar aiki, abin da ya fito da shi kawai wani ɗan tsiri ne na roba mai launi uku, ja da rawaya da tsanwa, wanda ake zagaya wa damtsen yara ƙanana a gane ko tamowa ta kama su. Kullum yana cikin aljihunsa tare da carbi.

Ni ne Issufu, ɗan ƙanwarsa. Na san da yawa cikinku kuna da labarinsa da ya fi nawa ban dariya. Nawa dai labarin rani guda ne da na yi a gidansa, kuma ba don ranin nan ba da yau ni ake yi wa addu'a, ba shi ba.

Ina da shekara goma sha tara a lokacin, ina dakon albasa a Galmi. Kun san buhun Galmi, mai hula, da ake cikawa har ya yi tozo, wanda in aka aza maka shi sai ka ji ƙafarka na neman shiga ƙasa. Wani abokin aiki ya nuna mini ƙwaya, wadda muke ce wa taramol. Ka jefa guda cikin shayin safe, gajiya ta tafi, yunwa ta tafi, ka yi ta lodi har la'asar. Ni a ganina na samu dabara, ga ƙarfi ga ba ɓata lokacin cin abinci. Guda ta zama biyu, biyu ta zama uku. Wata rana ina tsakiyar hawa katakon da ake jingina wa mota, da buhu a kaina, sai duniya ta ɗauke. An ce na faɗi ina jijjiga, kumfa na fita bakina. Ban farka sosai ba sai a ɗakin mahaifiyata a Tsarnawa.

A gida kowa ya yanke cewa iska ce. Wai motar albasar a gindin wata tsamiya take tsayawa, kuma tsamiyar an san ta. Aka rufe ni a ɗaki aka yi ta turare, har na fi jin wuyar hayaƙin da ta faɗuwar. Ni kuwa na bar su a haka, don iskar ta fi mini sauƙin faɗa.

Kwana biyu sai ga Kawu. Ya shigo yana tari, ya yaye labulen ƙofa, ya sa ƙafa ya tura kaskon turaren waje. Bai gaishe ni ba. Ya kama damtsena, ya daɗe riƙe da shi, sannan ya ciro tsirin nan nasa ya zagaya. Tsirin ya haɗe, har da saura.

Ya ce wa mahaifiyata, "Ramatu, abin ga na ɗiyan goye na. Bai kamata shi zagaye hannun namiji ba."

Ta ce, "Yaya, iska ta ramar da shi."

Ya dube ni. "Mi kac ci ranar da kah hwaɗi?"

"Shayi."

"Kwana guda kahin nan fa?"

"Shayi da burodi."

Ya miƙa hannu ya ɗauko wandona da ke rataye, ya laluba aljihu, ya zaro ƙwayoyin cikin ledarsu ya ajiye gaban mahaifiyata. Ya ce, "Ga iskar nan. Ashe ba cikin tsamiya take kwana ba." Mahaifiyata ta rufe baki ta fara kuka. Ya bari ta yi mai isarta, sannan ya ce, "Na ga irin wanga hwaɗuwa a likita. Ta hwarko ana tashi, ta biyu ma wani lokaci ana tashi. Akwai wadda ba a tashi. Ki ba ni shi har ruwa shi sauka."

Da muka isa Badaguishiri ba gida ya kai ni ba, likita muka wuce. Na ce, "Kawu, ba kai ne Majon ba?" Ya ce, "Ni shara niy yi. Wanga aiki na wanda ya karanta na." Majon gaskiya ya duba ni, ya gaya mini abin da zai biyo baya ba ɓoye-ɓoye: ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa, rashin barci, da ƙin abinci. Ya tsara yadda za a raba ni da ƙwayar, ya ce in riƙa zuwa kowace ranar kasuwa. Ya ce duk abin da zai yi mini ba zai yi amfani ba in ban ci abinci ba. Kawu ya ce, "Wannan kuma ka bar mani."

Da maraice matarsa, Inna Habsu, ta kawo abinci kwano biyu yadda aka saba, na maigida da na baƙo. Kawu ya juye nawa cikin nasa ya miƙa mata kwanon wofi. Ya sa na wanke hannu da sabulu yana kallo, har tsakanin yatsu, kamar yaron da aka yaye jiya. Sannan ya ce, "Issuhu, ga doka. Kwano guda za mu ci. Ka yi loma, in yi loma. In ka tsaya, na tsaya."

Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce. Na yi loma biyu, zuciyata ta tashi, na janye hannu. Shi ma loma biyu ya yi, ya sha ruwa, ya yi hamdala ya rufe kwanon. Da safe na kurɓi fura sau uku, ya kurɓa sau uku, ya ɗauki guga ya tafi garkarsa da ke cikin kwari, ya yi ta jan ruwa yana ba shuka har rana ta take. Mutum ne da ya haura saba'in. Na bi shi na zauna a gindin mangwaro ina rawar sanyi cikin zafin rana, ina kallon yadda ƙafarsa ke karkarwa a bakin rijiya. Da azahar na yi loma shida, ba don ina so ba.

Inna Habsu ta ce, "Wanga shina kashe kanshi da ƙwaya, wancan shina kashe kanshi da taurin kai, ni kuma an bar ni da tuwo."

Kwanon Kawu kuwa kun san shi. Bai yarda da abinci mai launi guda ba. In aka kawo tuwo da miya tsararo sai ya leƙa ya ce, "Ina sauran mutanen gidan?" A wurinsa gero da dawa cika ciki ne aikinsu. Wake da nono da ƙwai da gyaɗa da fara su ke gina jiki. Ganye da kayan garka kuma su ne masu gadi, su ke hana ciwo shiga. Dole a ga ukun nan a kwano, ko kaɗan-kaɗan ne. Yau kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, gobe wake da kabewa, jibi dambu da rama da ɗanyen tumatir. Shi kaɗai ne namijin da na sani da ke shiga madafa ba kunya. Ya tsaya kan Inna ya ce ta sauke ganye ya dahu hakanan, kar ta zubar da ruwan, kar ta cika dunƙulen magi ga daudawar batso a ajiye. Wata rana ta miƙa masa muciya ta ce, "Ungo, tunda kai ka auren kanka." Ya karɓa ya tuƙa. Tuwon ya yi gudaji, muka ci shi haka, yana cewa gudajin ma hatsi ne.

Ranar kasuwa, bayan mun fito daga likita, sai ya ja ni mu zagaya. Ba sayayya yake yi ba, sa ido yake yi. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya ga mutanen ƙauye sun kawo wake da ƙwai da nono sun sayar, sun juya sun sayi maka, wato makaroni, da biskit da ruwan leda mai launi sun koma gida suna murna. Ranar nan muka ga wata mata da ɗanta ɗan shekara huɗu, gashinsa ya yi ja, cikinsa ya yi gaba. Ƙwai ne a ƙwaryarta. Kawu ya saye su duka bai taya ba, ya kai wa mai shayi ya dafa, ya bi matar har rumfar mai biskit. Ya ɓare guda ya miƙa wa yaron.

Matar ta fizge ɗanta. "Haba Majo. Ka san yaro in ya saba da ƙwai sata shika yi."

Kawu ya ce, "Ɗiyata, tahi gidan kaso ki tara ɓarayin da ke ciki, ki tambaye su wa anka ba ƙwai shina yaro. In kin samu guda, ni Nomau na bar magana."

'Yan rumfar suka fashe da dariya, ita ma ta kasa riƙewa. Yaron ya cinye biyu a tsaye. Daga wannan rana labari ya bazu cikin ƙauyuka. Kowace kasuwa sai ka ga mata uku ko huɗu sun jeru a hanyar da yake bi, ga ƙwai a ƙwarya ga yaro a gaba. Ya saya, ya dafa, ya ciyar da 'ya'yansu da ƙwansu. Inna ta ce, "Wallahi sun maishe ka sakarai." Ya ce, "Na sani. Amma ƙwan cikin wa ya shiga?"

Ni ma ban tsira ba ranar. Ya miƙo mini guda, ya riƙe nasa a ɓare bai kai baki ba, a tsakiyar kasuwa, yana jira. Haka na tura shi ina jin kamar zan amayar.

Sati uku muka yi a haka. Gudawar ta tsaya, zufar ta ragu, amma zuciyata ba ta bar ƙwayar ba. Ba zan ɓoye muku ba, akwai safiyar da na fi son ƙwaya guda da uwar da ta haife ni. Na fara zamewa da hantsi zuwa wata fada ta samari a bakin hanya, inda ake kwana a tashi ana dafa shayi. Na san in na saba da su, wani zai nuna mini inda ake samu.

Kwana uku ina zuwa, a na huɗu sai ga Kawu tafe da kwano a kansa, an ɗaure da tsumma. Ya yi sallama, ya sauke butar shayin daga kan wuta ya ajiye gefe, ya zauna tsakiyarmu ya buɗe kwanon. Wake ne da zogale.

Mai dafa shayin ya ce, "Baba, shayin hwarko na, yanzu ya tahwasa."

Kawu ya ce, "Shayi baƙo na. Ba a sauke baƙo a gidan da ba kowa. Ku hwara sa wani abu cikin cikinku."

Samarin suka yi ta dariya, suka wanke hannu suka faɗa wa waken. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana matsa damtse, yana gaya wa wannan ya rage sukari, yana gaya wa wancan idonsa ya nuna ba ya barci. Shi kansa bai taɓa kwanon ba. Wani ya ce, "Baba, kai ba ka ci?" Ya nuna ni da haɓa ya ce, "Sai uban gidana ya ci."

Suka sake fashewa. Wani ya ce ashe har yanzu ba a yaye ni ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma kunyar ta juye ta zama fushi. Na ce a raina tsohon nan ba jinyata yake yi ba, wasa yake da ni a gari. Washegari bayan sallar asuba, kafin a dama fura, na fita bakin hanya na hau motar Konni.

A Konni na sauka wurin wani abokina mai kabu-kabu da babur. Kafin azahar na samu abin da na zo nema, na haɗiya. Jikina ya saki, na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Kawu kuwa na ce da yunwa ta murɗa shi zai ci, ai ba mahaukaci ba ne.

A rana ta uku abokin nawa ya miƙo mini wayarsa. Mahaifiyata ce. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce, "Issuhu, kawunka bai sa komi bakinshi ba tun ranar da kat tahi. Ruwa kawai."

Na ce, "Inna, dabara ta. So shike in komo."

Ta ce, "Ni na tashi ɗaki guda da shi. Kai ma ka ci kwano guda da shi. Ka taɓa ganin ya hwaɗi magana ya janye?"

Daga baya aka ba ni labarin abin da ya faru a gidan. Inna Habsu ta yi lallashi, ta yi zagi, ta dafa duk abin da ta san yana so ta ajiye gabansa, ya ce a kai wa maƙwabta. Da ta rasa yadda za ta yi sai ta ɗauko liman. Liman ya zauna ya yi masa nasiha, ya ce cutar da kai ba ya halatta, in kuma rantsuwa ce ya yi, to akwai kaffara, ya yi ya huta.

Kawu ya ce, "Malam, ai ban rantse ba."

"To mi ya hana ka ci?"

"Hwaɗi niy yi. Da rantsuwa ta, da na yi kahhwara tun jiya. Yaron ga kowa ya gaya mai magana ya janye. Ina so shi ga guda wadda ba a janye ba."

Liman ya miƙe zai tafi, Kawu ya kamo damtsensa ya matsa, ya ce masa ya rage soyayye.

Bayan wayar nan na fita na zauna a bakin tasha, da ƙwaya biyu a tafin hannuna. Na tsani tsohon nan a lokacin, tsana ta gaske. Ni na ɗauka jikina nawa ne, in na ga dama in gyara, in na ga dama in kashe. Shi kuwa ya zo ya ɗaura nasa jikin a nawa, ba shawara ba neman izini. In na haɗiye ƙwayar nan ba zan ji yunwa ba har gobe, shi kuma zai ji ta duka, tasa da tawa. Na yi ta juya abin har aka kira la'asar. Na nemi hanyar da zan ci gaba da sha ba tare da ya mutu ba, ban samu ba. Na zuba su cikin kwata, na koma na roƙi abokina ya nemo mini motar safe.

Na iso da hantsi. Yana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, ya lulluɓa da babbar riga har wuya. Fuskarsa ta zurma. Na tsaya a bakin rumfar. Ya buɗe ido ya dube ni, bai tambaye ni inda na je ba, bai tambayi abin da na sha ba. Ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa ya ce, "Habsu, kunu za ki dama, mai ruwa-ruwa, ki sa nono. Wanda ya daɗe bai ci ba ba a hwara mai da tuwo. Mu biyu duka."

Ta kawo ƙwarya guda da ludayi guda, ta dire gabanmu ba ta ko dube ni ba. Na ɗiba na sha, na miƙa masa. Ya karɓa da ƙyar. Ya sha ya miƙo mini. A ludayi na huɗu kuka ya ƙwace mini, ina sha hawaye na ɗiga cikin ƙwaryar.

Ya ce, "Kai, janye huskarka. An hana ni gishiri."

Kada ku zaci daga ranar komai ya warware. Sau biyu na sake zamewa kafin damina. Bambancin kawai shi ne da bakina na gaya masa, shi kuma ya ɗauki sandarsa ya raka ni wurin majo. Na karɓi guga daga hannunsa, ni ke ban ruwa shi yana zaune yana ba da umarnin da ba a tambaye shi ba. Na koyi karyawa kafin in fita, na koyi kwanciya da wuri, na koyi cewa yunwar da nake gudu ba abokiyar gaba ba ce, jiki ne ke magana. Da hadari ya fara haɗuwa na miƙa masa hannu ya auna. Ya ja tsirin nan har yana shiga nama, wai dole sai ya haɗe.

Na ce, "Kawu, matsewa kaka yi."

Ya ce, "Yi shiru. In na sallame ka yanzu, wa zai cire mani albasa?"

Shekaru sun wuce. Na yi aure, ina da yara uku, ina noman garka a nan kusa da tasa. Bara bayan an gama girbi Allah ya karɓi abinsa. Bai yi doguwar jinya ba, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. A wurin zaman makoki dariya ta fi kuka yawa, kowa ya zo da nasa labarin, har liman ya ba da nasa yana shafa damtse.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, Inna Habsu ta aiko a kira ni cikin gida. Tana zaune a ɗakinta cikin takaba. Ta ce in zauna. Ta ce, "Akwai abin da ya hana a gaya maka shina da rai. Yanzu kuwa ba ya iya hana ni."

Ta ce a rana ta uku da guduna, bayan liman ya tafi, Kawu ya matsa sai ya je garka don shuka za ta bushe. A bakin rijiya ya yanke jiki ya faɗi. Allah ya sa baya ya faɗa, ba ciki ba. Masu garkar kusa suka ɗora shi a amalanke suka kai likita bai san inda yake ba. Aka yi masa ƙarin ruwa har yamma. Majo ya yi masa faɗa kamar zai doke shi, ya ce da shekarunsa da hawan jininsa, in ya ƙara kwana guda haka ba ya da tabbacin zai tashi. Ya sa aka kawo abinci a gabansa. Kawu ya ce ruwan da ake sa masa ta hannu ya yarda, amma kwano sai yaron ya zo. Da ya ji an ce na kama hanya da safe, ya matsa aka maido shi gida. Rigar da na tarar ya lulluɓa da ita, hannun da aka huda yake ɓoyewa.

Na ce, "Inna, don mi ba a gaya mani ba?"

Ta ce, "Ni ma haka nic ce mai. Na ce a gaya maka ka san abin da ka jawo. Sai ya tara mu, ni da majo da masu amalanke, ya ce duk wanda ya hwaɗa maka bai yahe ba. Ya ce, yaron ga kunya ta kore shi. In ya ji wannan, kunyar ta hi ƙarhinshi, ya sake gudu, kuma wannan karon ba ya komowa."

Shekara da shekaru ina ba da labarin nan a fada ana dariya, ina cewa tsoho ya yi mini wayo da yunwar kwana uku. Ashe rabin gari sun san abin da ya faru, sun yi ta dariyar tare da ni, ba wanda ya taɓa buɗe baki. Kuma ban taɓa ce masa na gode ba, don a zatona wasa muka yi ni da shi, ya ci ni.

Allah ka ga abin da bawan nan naka ya yi wa ɗan da ba shi ya haifa ba. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka ciyar da shi daga abincin Aljanna har ya ƙoshi. Godiyar da ban yi masa ba, ka isar masa da ita. Amin.